Kafin bango ya faɗi: Yadda Damagaram ke koyar da zane ga wanda ya tsaya ya duba

Ranar Talata 3 ga watan Satumban 2024, bayan mamakon ruwan da aka yi ta shatatawa a daminar wannan shekara, tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram ya rushe. Ginin ƙasa ne da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. Ba a jima ba bidiyon faɗuwarsa ya karaɗe wayoyin jama'a, daga Zinder zuwa Yamai da Kano, har ya iske 'yan garin da ke neman na kai a Libiya da Aljeriya da Faransa.

Mutane da yawa sun yi sallah a cikinsa. Waɗanda suka riƙa bi ta gabansa a ƙafa ko a kan kabu-kabu kuwa ba sa ƙirguwa. To amma a miƙa wa ɗayansu takarda da fensir a ce ya zana masallacin kamar yadda yake tsaye a da. Ƙofa nawa ce ta ɓangaren da ya saba wucewa? Tsayin ƙofar ninki nawa ne na faɗinta? Da la'asar ta wane gefe inuwa take kwanciya? A nan ne mutum zai gane cewa shekara talatin yana ganin abu, amma bai taɓa duba shi ba.

Wannan ba gazawar 'yan Damagaram ba ce, haka idon ɗan Adam yake. Da zarar ya gane abu, ya ce masallaci ne, ko tulu ne, ko fuskar wane ce, sai ya wuce. Aikin farko da makarantun zane suke yi wa ɗalibi a ko'ina cikin duniya shi ne su raba shi da wannan gaggawa. Kuma abin da zai ba matashin Zinder mamaki shi ne kusan duk kayan da ake buƙata domin wannan darasi suna zube tsakanin Birni da Zango da kasuwar Dole.

Ido ba mudu ba

Ka ajiye buta a gaban yaro ko babba wanda bai taɓa koyon zane ba, ka ce ya zana ta. Zai dube ta sau ɗaya, ya duƙufa a kan takarda, ba zai ƙara ɗago kai ba sai ya gama. Abin da zai fito buta ce kam, amma ba wadda ke gabansa ba. Butar da ke cikin kansa ce tun yana ɗan lakwal: ciki zagayayye, hanci a gefe, baki buɗe kamar ana leƙa ta daga sama, alhali daga inda yake zaune bakin ba ya ganuwa sai ɗan siriri kamar jinjirin wata. Ya zana abin da ya sani, ya bar abin da ya gani.

Maganin da malamai suka fi amfani da shi yana da ban dariya a ranar farko. Ana ce wa ɗalibi ya kafa idonsa a wuri ɗaya a gefen butar, ya ɗora bakin fensir a takarda, sannan ido ya bi gefen a hankali kamar tafiyar tururuwa, hannu na biye da shi, ba tare da ya dubi takardar ko sau ɗaya ba. Wani malamin zane a Amurka, Kimon Nicolaides, shi ya yaɗa wannan horo a littafinsa da ya fito a 1941. Zanen da ke fitowa ba ya kyau: hancin buta a gabas, mariƙi a yamma. Amma idan aka duba da kyau za a tarar da ɗan lotsawar da ke gindin butar, da inda roba ta narke a jikin murhu, abubuwan da zanen farko mai tsafta bai san da su ba. Karon farko ke nan da hannu ya saurari ido.

Sai kuma awo. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma mai zane yana rayuwa ne a kan rabin ƙarshe na wannan magana. Ana miƙe hannu sosai, a riƙe fensir a tsaye, a rufe ido ɗaya, a daidaita kan fensir da saman abin da ake zanawa, a sa babban yatsa a inda ya ƙare. Wannan tazara ita ce mudunka. Da ita za ka auna cewa ƙofar zaure faɗinta sau biyu da rabi ne yake shiga tsayinta, ko kuwa kan raƙumi sau nawa yake shiga wuyansa. Gwiwar hannu kada ta lanƙwashe, domin da ta lanƙwashe mudu ya canza. Da wannan fensir ɗin dai ake gwada karkatar layi: ka kwantar da shi a iska ka ga ko saman katanga a miƙe yake ko gangarowa yake yi yayin da yake nisa da kai. Lungunan Birni masu ƙunci sun fi kowane allon aji koyar da wannan, domin bango biyu da ka san ba sa haɗuwa za ka ga suna matsowa kusa da juna a can ƙarshen lungu.

Akwai wani horon da ni na fi ganin amfaninsa ga mai farawa, wato zana gurbi maimakon zana abu. Idan kujerar roba ce a gabanka a fada, ka manta da kujerar, ka zana siffar iskar da ke tsakanin ƙafafunta da ramukan da ke bayanta. Kai ba shi da tsohon hoton gurbi da zai cusa maka, saboda haka dole ka duba. Da ka gama zana ramukan sai ka ga kujera ta fito da kanta. Zankwayen da ke saman soro ma haka ne: sararin sama da ke tsakanin zanko da zanko shi ne zai gaya maka tazararsu ta gaskiya. Betty Edwards, wata malama a Kalifoniya da littafinta ya yi fice tun 1979, ta ƙara da wata dabara ta juya hoto kai a ƙasa a kwaikwaye shi a hakan. Manufar ɗaya ce, a hana kai saurin cewa na gane.

Haske kuma sai an bi shi da lokaci. Ranar Damagaram da tsakar rana ba ta da tausayi, tana wanke komai ya zama fari fat, inuwa ta maƙale a gindin bango. Da hantsi ko bayan la'asar ne hasken yake zuwa a karkace, sai ka ga kowane tudu da kwari na adon bango ya fito da inuwarsa. Duwatsun nan manya da suka yi wa Birni rumfa, waɗanda gidaje suka jingina da su, babu abin da ya fi su koyar da yadda haske ke gangarawa a jikin abu mai dunƙule. Ka ɗan runtse ido har ƙananan abubuwa su ɓace, abin da zai rage kashi uku ne kawai: wuri mai haske, wuri mai duhu, da na tsakiya. Ka fara da waɗannan ukun. Tsagar dutse da ƙadangaren da ke kai su jira.

Dabbobi ba sa jira. Akuya ba za ta tsaya maka minti goma ba, ɗan dako da buhu a ka ma haka. Shi ya sa ake horar da ɗalibi ya kama motsi cikin rabin minti, da layi biyar ko shida, ya bar shi ya shiga na gaba. Shafi ashirin a zama ɗaya, sha tara na shara ne. Ba komai.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Nijar. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5, kuma masana na ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 zuwa 8,000. Wanda ya yi su ya san yadda tabban jikin dabbar suke ƙanƙancewa a ƙafa, ya san tsayin wuya da na ƙafa. Mutum ne da ya daɗe zaune yana kallo.

Hoton waya

A nan zan faɗi abin da wasu abokaina masu zane ba za su so ji ba. Akasarin zanen da matasanmu ke ɗorawa a Facebook da TikTok kwafin hoto ne: a samo hoton ɗan siyasa ko tauraruwar Kannywood, a raba shi gida-gida da layuka, a kwashe shi gida bayan gida har ya fito tamkar na kyamara. Aiki ne na haƙuri, yana kawo kuɗi, kuma ba na raina wanda ya ci abinci da shi. Amma kyamara ta riga ta yi duk aikin mai wuya. Ita ta zaɓi inda za a tsaya, ita ta baje abu mai tudu ya koma shafi, ita ta yanke hukuncin haske. Mai kwafi ya gaji amsa ne ba tare da ya ga tambayar ba. Shi ya sa za ka ga wanda ke fitar da kowace gashin gira daga hoto, amma a zaunar da kakarsa a gabansa a kan tabarma sai hannu ya ɗauki rawa.

Waya tana da ranarta. Da ita ɗan Zinder zai ga zanen gwanayen duniya kyauta, abin da iyayenmu ba su samu ba. A yi amfani da ita domin kallon aikin wasu da adana naka. Wajen koyon gani kuwa, a sa ta a aljihu.

Sawun hannu

Rabi na biyu na karatun shi ne wanda ba a cika maganarsa ba a wajenmu. Bayan ka ga abu, da wane irin sawu za ka sa shi a takarda? Makiyayi yana gane dabbarsa ta sawunta a rairayi, haka ma ake gane mai zane ta sawun hannunsa: layi mai kauri ko siriri, ɗigo, karce, dangwale, shafe, yayyafi. Wanda bai san komai ba sai bakin fensir mai tsini zai zana dutse da gashin tunkiya da hayaƙin shayi da murya ɗaya. Shi ya sa a makarantun zane ake ware makonni ana hana ɗalibi fensir. A ba shi tsinke, ko tsumma, ko soso, ko a ɗaure masa gawayi a kan sanda mai tsayin kamu biyu ya yi zane a tsaye, ko a ce ya koma hannun hagu. Ana so ne ya rasa ikon da ya saba da shi, ko hannun zai yi abin da bai taɓa yi ba.

Ɗalibin Turai sai ya je kanti ya sayi waɗannan kaya da tsada. Ɗan Damagaram da ya yi makarantar allo ya riga ya san rabinsu. Ya san yadda ake fere alƙalami, ya san cewa yadda ka yanke bakinsa haka layin zai fito, mai faɗi idan ka ja ƙasa, siriri idan ka ja gefe. Ya san tawadar gawayi da ƙaro, kuma ƙaro ba baƙo ba ne a jihar da Gure take. Ya ga zayyanar allon sauka, inda ake cika fili da murabba'i da da'ira da launi ba tare da an bar kusurwa ɗaya a banza ba. Abin da ya rage masa shi ne ya ɗauki wannan alƙalamin ya zana bishiyar dogon yaro da ke ƙofar gidansu, ya ga abin da zai faru. A tsinka tawadar da ruwa kashi uku, a samu baƙi da toka-toka da mai haske, ga haske da inuwa sun samu.

Majema da dukawan garin, waɗanda aikin fatarsu ya yi suna tun zamanin fatake, suna da nasu ilimin. Bagaruwar da ake jima da ita, idan aka jiƙa ta aka jefa tsohon ƙarfe mai tsatsa a ruwan, ruwan yakan rine ya yi duhu, domin sinadarin da ke cikin bagaruwa yana haɗuwa da ƙarfe ya ba da baƙi. Irin wannan haɗi ne aka yi ɗaruruwan shekaru ana rubuta littattafai da shi a Turai da ƙasashen Musulmi. Karan dafi yana ba da ja. Ga shuni, ga lalle, ga jar ƙasa da farar ƙasa, ga ruwan goro da guntun shayin da ya kwana a barradu. Kowannensu da halinsa a takarda: wani ya zauna inda aka sa shi, wani ya bazu, wani ya canza launi bayan ya bushe. Sai an gwada ake sani, kuma yana da kyau a riƙa rubuta abin da aka haɗa a gefen kowane gwaji, in ba haka ba ranar da launi mai kyau ya fito ba za ka iya maimaita shi ba.

Gawayin zane ma ba sai an saya ba. A yanka siraran rassa, a jera su a gwangwani, a rufe, a huda ƙaramin rami a murfin, a tura cikin wuta har hayaƙi ya daina fita. Abin da zai fito ya fi gawayin girki laushi. Da shi ake wani horo mai daɗi: a shafe takarda duka ta yi baƙi, sannan a riƙa ciro haske da magogi ko tsumma. Zaure mai duhu da hasken ƙofa ke faɗowa ciki ya fi fitowa ta wannan hanya. Takarda kuwa, ta buhun siminti tana karɓar gawayi da farin alli fiye da farar takardar ofis mai santsi.

Akwai kuma gurza. A 1925 Max Ernst, wani mai zane Bajamushe, ya shimfiɗa takarda a kan tsohon daɓen katako ya goga fensir a kai, sai zanen jijiyoyin katakon ya fito, ya mai da wannan hanyar aiki. Kowane yaro da ya taɓa ɗora takarda a kan dala ya goga ya san dabarar. A gwada ta a kan tabarma, da faifai, da fatar da baduku ya buga wa ado, da ƙwaryar da aka zana da wuta, da jikin tukunyar Mirya. Cikin yini ɗaya za ka tara shafuka na sawu iri-iri da hannunka kaɗai ba zai taɓa ƙirƙiro su ba.

Idan kuma ana neman malaman wannan fanni, suna nan a jikin bango. Adon gidajen Birni da Zango ba iri ɗaya ba ne. Wani an ɗora shi ne da hannu tun yaɓe yana ɗanye ya yi tudu, wani an karce shi a cikin yaɓen, wani fenti ne aka bi da shi daga baya. Magini ba shi da magogi, kuma yaɓe ba ya jiran mai shawara, saboda haka layinsa yake fita da ƙarfin zuciya, a ja ɗaya. Ka tsaya gaban dagi ka gwada bin zarensa da fensir, inda ya hau da inda ya nutse, za ka ga gumi. Maginan nan kuma ba su rufe ido ga zamaninsu ba: a Zariya har keke da mota sun hau bangon gidaje. Haka masu zana aska takwas a kan babbar riga kafin a miƙa wa mai ɗinki, haka masu ƙunshi, waɗanda a ganina su ne suka fi kowa yawan zane a garin yau, kuma a kan fata mai motsi, ba tare da damar gogewa ba.

Waɗanda suka bi ta nan

Ibrahim El-Salahi ɗan Sudan ne, an haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar Alƙur'ani. Ya tafi Landan a shekarun 1950 ya yi karatu a makarantar Slade, inda aka horar da shi zanen abin da ido ke gani irin na Turawa. Da ya komo gida ya baje kolin aikinsa, mutanen garinsu ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya koma ga abin da ya tashi da shi, harafin Larabci da allo da launin ƙasa, ya riƙa karya haruffa yana fitar da siffofi daga cikinsu. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kober ba tare da shari'a ba, a can ya riƙa zane a ɓoye a kan guntayen takardar buhun siminti yana binne su a cikin rairayi. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya shirya babban baje kolin aikin rayuwarsa. Abin lura a labarinsa shi ne bai jefar da ko ɗaya ba: idon da Landan ta horar da hannun da allo ya horar, su biyun ya haɗa.

Kusa da mu, a Zariya, wasu ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello sun kafa ƙungiya a 1958, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Matsayarsu ita ce a karɓi horon Turawa, amma kowa ya koma garinsu ya binciko zanen iyayensa. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Bayansu aka yi Gani Odutokun, malami a wannan sashe har rasuwarsa a haɗarin mota a 1995, wanda ya shahara da tsinka fenti ya zuba shi ya bar shi ya gangara, sannan ya bi abin da ya fito ya sarrafa shi. Ya iya yin haka ne domin gwani ne a zanen fensir da gawayi. Wanda bai iya gani ba, in ya zuba fenti, ɓari kawai ya yi.

A Nijar ma akwai Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015. Da zanen hannu ya yi fim ɗin kwaɗin nan na 1966 da ya yi wa tafiye-tafiyen shugabanni shaguɓe. Ya je Kanada ya haɗu da Norman McLaren, mutumin da ke zane da karce kai tsaye a jikin zaren fim ba tare da kyamara ba.

Me za a ce wa Baba?

Duk matashin da ya ɗauki littafin zane a gari irin Damagaram zai gamu da tambaya biyu a gida. Ta farko ta addini ce. Hadisai sun zo a kan surar abu mai rai, malamai kuma sun yi bayani mai tsawo tare da saɓani a kan rassan mas'alar, kuma wannan shafi ba wurin fatawa ba ne. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da za a iya faɗa shi ne wanda ya zaɓi ya nisanci zana mutum da dabba bai rasa makaranta ba. Awo, gurbi, nisa da kusa, haske da inuwa, duk ana koyonsu a kan tulu da buta da ƙofa da dutse da bishiya.

Ta biyu ita ce ta abinci. A nan gaskiya ɗaya ce, sayar da zane a rataya a bango ba kasuwa ce mai faɗi a Zinder ba. Amma hannun da ya iya sa abin da ido ya gani a takarda yana da aiki a wurin mai tsara gini, da tela, da kafinta, da mai walda da ake kawo wa hoton ƙofa a ce a yi irinta, da mai rubuta allon shago, da mai tsara talla a kwamfuta, da mai zana hotunan littattafan yara na Hausa, waɗanda har yau muke ƙarancinsu. Wanda ke son takardar shaida kuwa, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan bayan an wuce Kano, wadda ba ta kai kilomita 300 daga Zinder ba, ga kuma makarantun fasaha na Bamako da Abijan da Dakar ga wanda Faransanci ya fi masa sauƙi. A irin waɗannan wurare abin da ke yi wa ɗalibi magana shi ne tarin zanen da ya yi da idonsa.

Aikin da ke jira

Tun 2006 Nijar ta sa unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram a jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Wannan bai hana ruwa sauka ba. Kowace damina wani bango yana zubewa, wani kuma mai gida ne da kansa yake rushe shi ya sa bulo da siminti, kuma ba za ka zarge shi ba, domin gidan ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, maginan da suka iya adon kuma tsufa suke yi. Ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye birnin da ita, sai ɗan abin da ya saura.

Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Zinder a ƙarshen 1852, littafi da fensir ne a hannunsa, kuma daga irin zane-zanen da ya yi a hanya aka fitar da hotunan littafin tafiyarsa. Tarihin sarautar kuwa ɗan gari ne ya rubuta shi, André Salifou, wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa yanzu. Aïcha Macky, ita ma 'yar gari, ta ɗauki kyamara ta shiga Kara-Kara ta fito da fim a 2021. Bangon Birni da Zango su ma suna buƙatar nasu masu tsayawa. Hoto yana adana kamannin bango. Zanen da aka yi da awo yana adana yadda aka gina shi: kaurin tudun ado, inda layi ya fara, abin da aka fara yi da abin da aka bi da shi. Irin wannan takarda ce magini zai iya riƙewa ya sake ɗora adon a sabon yaɓe.

Fada guda ta samari shida za ta iya ɗaukar lungu ɗaya. A yi sallama, a nemi izinin mai gida, domin ba kowa ke son a zauna a ƙofarsa ana kallon gidansa ba, kuma sau da yawa tsohon da ya fito ya tambayi abin da ake yi shi ne zai faɗi sunan maginin da shekarar da aka yi adon. A rubuta wannan a bayan takardar, tare da kwanan wata da sunan unguwa. Waɗanda ke waje kuma, idan za a aiko da saƙon sallah, a haɗa da littafin zane mai kauri biyu ko uku domin ƙanin nan da ake yi wa faɗa yana ɓata bayan littafin lissafinsa. Yanzu rani ne ko damina, bangon da ya tsage a bara shi za a fara zanawa.